Gonar gado ta koma bakin gari: muna da ikon yanka ta filaye?

"Assalamu alaikum. Ni mutumin wani ƙauye ne a gundumar Madarumfa, ba nisa da Maraɗi. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona, ta kusa hekta biyu. Da can sai ka taka kafin ka kai ta, yanzu gidaje sun iso har bakinta. Mu bakwai ne, maza huɗu, mata uku. Ina son in gina gidana a ciki, mu yanka sauran mu sayar. Mai gari ya ce kada mu taɓa gefen gabas, wai burtali ne, kuma dole mu bar hanya ta tsakiya. Wani da ke son sayen fili kuma ya ce injin niƙa zai kafa. Shin akwai dokar da ta ce ga inda za a yi gida, ga inda ba za a yi ba a ƙauye, ko wannan abin birni ne kawai? Kuma takardar mai gari ta isa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari.

Tambayarka guda ce a baki, amma abu uku ne a cikinta. Na farko, ko gonar ta tabbata taku ta yadda ba mai ja. Na biyu, ko kasancewarta taku ya ba ku ikon mai da ita unguwa. Na uku, me wanda ya sayi fili zai iya yi a ciki ba tare da ya cuci maƙwabta ba. Mutane da yawa suna tsayawa a na farkon, su ce ai gadona ne, su kira mai igiya ya fara awo. Na yi shekaru ina aikin awon ƙasa tare da kwamitocin filaye a ƙauyukan jihar nan, kuma mafi yawan rigimar da na zauna a kanta daga wannan tsallaken ta taso.

Amsar a taƙaice: akwai doka, kuma ta shafi ƙauye kamar yadda ta shafi birni. Bambancin shi ne a birni za ka tarar da taswira a meri, wato ofishin magajin gari, an zana ga gidaje, ga kasuwa, ga makaranta, ga titi. A yawancin ƙauyukanmu babu irin wannan taswirar, ƙa'idojin a warwatse suke, wasu a dokar karkara, wasu a dokar kiwo, wasu a dokar tsara garuruwa, wasu kuma a bakin dattawa. Mai garinku yana da gaskiya a maganganunsa biyu.

Inda dokar take

Ginshiƙin ita ce dokar karkara da ma'aikata ke kira Kod Rural, mai lamba 93-015, ta ranar 2 ga Maris 1993. Abin da ta yi mana mafi girma shi ne ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada, kamar gado, da haƙƙin da ya samu ta hanyar rubutacciyar doka, kariyarsu ɗaya. Ke nan gonarku ba ta zama ta banza ba don mahaifinku bai bar takarda ba. Dokar ce kuma ta kawo kwamitocin filaye da kowa ya sani da COFO. Akwai na gunduma wanda prefe ke shugabanta, akwai na ƙaramar hukuma a ƙarƙashin magajin gari, akwai na ƙauye, COFOB, wanda mai gari ke jagoranta, da sakatare mai rubutu, da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Tun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, wanda gwamnati ta naɗa riƙo shi za ka tarar a kujerar magajin gari, amma ofishin da aikin suna nan.

Sai dai Kod Rural maganar gona take yi, da daji, da mashaya, da makiyaya. Ranar da ka ce za ka yanka gona ka fitar da filayen gini ka sayar, ka shiga hurumin wata doka, ta tsara garuruwa, mai lamba 2017-20 ta watan Afrilu 2017. A wannan fannin, yanka fili a yi unguwa, abin da muke cewa lotisma, aiki ne da ake zana masa taswira, hukuma ta duba, ma'aikatar tsara birane ta amince, kafin a kafa born, wato turken iyakar fili, ko guda. Gonarku yanzu tana tsakanin dokokin nan biyu: ƙafa ɗaya a karkara, ƙafa ɗaya a gari. Duk ƙauyukan da ke zagaye da Maraɗi haka suke, ta wajen Jiratawa, ta wajen Safo, ta hanyar Tsibiri, ta hanyar Ɗan Isa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan miliyan 3.4 a jihar, kuma kudancinta ne ya fi cunkoso. Ƙasa ba ta ƙaru ba, mutane sun ƙaru, gonar da ke bakin gari dole ido ya dawo kanta.

Akwai kuma babban kundin tsarin ƙasa na jiha, wanda ake kira SAF, inda ake rubuta wuraren da aka keɓe wa noma, da kiwo, da daji, da burtulan da aka ƙidaya. Doso ce ta fara samun nata, Maraɗi ta biyo baya. Ba zai gaya maka inda za ka sa ƙofar gidanka ba, amma idan burtalin da mai gari ya faɗa yana cikin waɗanda aka ƙidaya, sakataren COFO na Madarumfa zai nuna maka.

Gado kafin awo

Ka ce ku bakwai ne, amma ka ce "ina son in gina". Ka yi mini uzuri in tsaya a nan, domin nan ne bango ke fara tsagewa. Muddin ba a raba gado ba, babu taku ɗaya a gonar da za ka ce naka ne kai kaɗai, kuma babu wanda zai iya sayar da ko kusurwa ba da yardar sauran ba. Idan ka gina a gefen da ya fi kusa da gari, ka ɗauki wuri mafi tsada tun kafin a yi rabo. Yau ƙannenka za su yi shiru don kunya, 'ya'yansu ba za su yi ba.

Ku kira malamin da ya san rabon gado, a yi shi a gaban mai gari da shaidu, a rubuta. Idan mahaifiyarku ko wata matar marigayin tana raye, tumuninsu yana nan. 'Yan'uwanka mata uku suna da rabonsu a ƙasar kanta. Abin da na sha gani a yankin nan shi ne a ce mace tana gidan miji, a ba ta 'yan kuɗi ko damin gero a ce an sallame ta. Lokacin da gona gona ce ana yin shiru. Ranar da ta zama filaye, kowane yana kuɗin da ba a taɓa zato ba, maganar takan dawo, kuma kotu takan saurare ta. Idan wata a cikinsu ta zaɓi ta sayar muku da kasonta, ta faɗa da bakinta a gaban kwamiti, a rubuta kuɗin.

Ka kuma bincika yadda gonar ta shigo hannun mahaifinku: gado, saye, kyauta, aro ko jingina. Tun jawabin shugaban ƙasa Seyni Kunce na Disamba 1974, da ya ce gona ta mai noma ta ce, aka samu gidaje da yawa da ke riƙe da gonar aro suna ganin ta zama tasu, masu asalin kuma ba su yafe ba. Irin wannan tana barci shekara arba'in, sai an ga buhun siminti ta farka. Tambayi tsofaffin da ke iyaka da ku ta kowane gefe tun suna raye.

Burtali

A nan babu ciniki. Dokar kiwo mai lamba 2010-029, ta 20 ga Mayu 2010, ta sa burtali da makiyaya da wuraren hutun dabbobi cikin dukiyar jama'a da ke hannun hukuma. Ba a sayar da su, ba a gadonsu, ba a noma su, ba a gini a kansu. Ko da mahaifinku ya yi shekara ashirin yana cin gefen da garma kaɗan-kaɗan, wannan bai mai da shi nasa ba. Wanda kuka sayar wa fili a nan, kun sayar masa da abin da za a iya rushewa ba diyya, shi kuma ku zai dawo wa.

Wasu sukan ce ai shanu sun daina bi. Ka jira kaka, lokacin da garkuna ke gangarowa daga arewa, ka gani. Kuma ko ba baƙin makiyaya, awakin garinku da tumakinsa ta ina suke fita kiwo da damina? Idan aka toshe burtali, dabba ba za ta koma gida ba, gonar wani za ta shiga. Mu mutanen jihar nan mun san inda wannan ke kaiwa. A watan Oktoba 1991, a Toda ta ƙasar Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, mafi yawansu mata da yara. Duk wanda ya yi aikin filaye a Maraɗi yana ɗauke da wannan a ransa.

Abin da za ka nema shi ne a nuna maka iyakar burtalin a ƙasa, ba a baki ba. A wasu wuraren an kafa turakun siminti, a wasu kuma shukar aguwa ko jerin itatuwa ce alama. Ka roƙi kwamitin ƙaramar hukuma su zo, tare da wakilin makiyaya, a taka iyakar, a rubuta. Sannan kada katangar gida ta zauna daidai kan layin. Ka ja baya, ka sa ƙofa ta wani gefen, don yara ƙanana da garken shanu ba su haɗa hanya.

Hanya da ruwa

Wannan ne ya fi damuna, domin burtali yana da masu kare shi, hanya da magudanar ruwa kuwa ba su da kowa sai an makara.

Mai gona yana ganin duk mitar da ya bari ta hanya kuɗi ne ya zubar. Shi ya sa za ka ga an yanka filaye an manna su da juna, an bar lungu wanda mutum biyu ba sa iya jerawa. Wata rana aka kira mu wani ƙauye a kan rigimar hanya. Abin da ya tayar da ita, wata tsohuwa ce ta rasu a gidan da ke can ƙuryar unguwa, aka ɗauko makara, aka zo kwana, makarar ta ƙi juyawa. Sai da aka ɗaga ta sama, maza suka hau katangar maƙwabci suna karɓa. Na ga ɗanta yana nuna mini zanen da itacen makarar ya yi a jikin bango, bai iya ƙarasa magana ba. Wanda ya yanka filayen ya riga ya rasu, kuɗin sun daɗe da ƙarewa, gidaje shida ne a kan layin, kowa ya gina ɗaki a jikin katanga. Abin da muka iya samu bayan zama uku shi ne mutum ɗaya ya yarda ya rushe kusurwar garkarsa. Tun ran gini ran zane, in ji masu magana.

A lotisman hukuma titunan cikin unguwa ba su cika gaza mita 10 ba, manya kuma 15, 20 ko fiye. Shawarata ku bi wannan ko da a ƙauye ne. In mita ba ta shiga kan dattawa ba, ga ma'aunin da nake ba su: amalanken shanu biyu, kowanne ɗauke da kara, su wuce juna ba wanda ya tsaya. Hanyar da ta ɗauki wannan za ta ɗauki motar asibiti, da motar yashi, da turakun wuta ranar da kamfanin lantarki na NIGELEC ya iso, da bututun famfo. Kuma kada hanyar ta mutu a cikin gonarku. Ku duba inda titunan garin suka nufo, ku ɗora a kansu, ku fitar da ita har ɗaya gefen, don maƙwabcinku na baya shi ma wata rana zai yanka tasa.

Ga lissafi don kada abin ya zo muku ba shiri. Hekta guda mita 10,000 ce murabba'i. Idan aka cire hanyoyi da ɗan filin jama'a, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Abin da ya rage zai ba da fili wajen 16 masu mita 20 a kan 20. Wanda ya ce maka zai fitar maka da 25 a hekta, to hanya ya cinye.

Ruwa kuwa, tarihin Maraɗi kansa ya ishe mu darasi. Tsohon garin a kwarin Gulbi yake. Ambaliyar 1945 ce ta cinye shi, aka tashi aka hau tudu, aka zana sababbin unguwanni da tituna masu faɗi. Kakanninmu sun bar kwari da hawaye, mu kuma muna komawa cikinsa da siminti saboda filin can ya fi araha. Daminar 2024 ta nuna mana sakamakon, jihar nan tana cikin waɗanda suka fi asarar gidaje da rayuka.

Kafin ka kira mai awo, ka shiga gonar washegarin ruwa mai ƙarfi, da sassafe. Ka dubi inda yashi ya kwanta fari sumul, nan ruwa ya bi. Ka dubi gindin kara da kututture, inda shara da ciyawa suka maƙale, tsayin da suka kai shi ne tsayin ruwan. Ka dubi inda ƙasa ta yi baƙi tana riƙe ƙafa. Ni nakan tafi da tsohon da ya fi daɗewa yana noma kusa, in tambaye shi shekarar da ruwa ya fi yawa ya tsaya ina. Sau da yawa yakan kai ni gindin wata bishiya ya dafa wuri da hannu. Wannan hannun ya fi mini taswirar da aka zana a ofis da rani. Inda ruwa ke bi, nan ya kamata hanyarku ta bi, ko a bar shi fili. Idan ka gina a kai, ruwan zai karkata gidan maƙwabci, ko ya ci gindin katangarka, gidan ƙasa kuwa dare ɗaya ya ishe shi.

Haka kududdufi. Kowane tsohon gari yana da ramin da aka haƙi ƙasar gininsa, kuma shi ke shanye ruwan unguwa. Yanzu ana cike su da shara ana sayarwa. Idan akwai irinsa kusa da ku, ku bar shi, ku bar masa hanyar da ruwa ke shiga. Masai kuma a nisanta shi da rijiya, mita 30 ake so, kuma ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. A ƙasar fadama inda ruwa ke kusa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wani abin da ake mantawa: itatuwa. Gawo yana cikin itatuwan da dokar gandun daji ta kare, ba a sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji, ko da a gonarka yake. Jihar nan ce ta koya wa duniya sassaben zamani, wato renon itatuwan da suka tsiro da kansu a gona, abin takaici ne a ce gonar da uba ya raini itatuwanta shekara talatin an share ta rana ɗaya. Mai awo nagari yana iya karkata layi ya bar gawo a bakin titi ko a tsakar gida.

Takardar mai gari ta isa?

Ta dogara da wace takarda, kuma don me. Takardar da aka rubuta a ƙyallen littafi, mai gari ya buga hatimi shi kaɗai, ta fi babu, amma ba ita doka ta tanada ba. Wadda aka tanada ita ce ta COFOB, a kan fom ɗin Kod Rural: akwai ta shaidar mallakar gargajiya, akwai ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina. Kafin a ba da ita ana yin shela, ana taka iyaka da maƙwabta, shaidu su sa hannu, a ajiye kwafi a ƙauye, a aika wasu sama. Ku fara da ta shaidar mallaka da sunan magada. Wanda yake son ƙarin ƙarfi yana iya neman kwamitin gunduma ya auna gonar ya shigar da ita kundin karkara.

Amma ka riƙe wannan: takardar COFOB tana shaida cewa ƙasar taka ce, ko ka saya daga mai ita. Ba ta mai da gona unguwa. Filin da ya fito daga lotisma shi ke samun takardar meri da ake kira akt de sesiyon, mai lambar rukuni da lambar fili, daga ita ake neman izinin gini, daga ita kuma ake zuwa titir fonsiye, babbar takardar mallaka ta dindindin, wadda aka sauƙaƙa hanyarta tun 2006 da sunan Sheda. Wanda ya sayi yankin gona da takardar ƙauye, ranar da lotisman hukuma ya iso, titi yana iya bi ta tsakiyar ɗakinsa. Wajibi ne ku gaya wa masu saye wannan tun kafin su biya.

Idan hukuma ce da kanta ke son wani yanki don makaranta ko asibiti, dokar 1961 da aka gyara a 2008 ta ce sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya diyya ta adalci tun kafin a karɓa. Idan kuma rigima ta taso, COFO ba ta yanke hukunci. Ana farawa da sulhu a gaban mai gari, in ya gagara a je wurin sarki, a rubuta takardar an sasanta ko ba a sasanta ba, da ita ake zuwa kotu.

Mai injin niƙa

Babu layin da aka ja a ƙauye aka ce nan gidaje kawai, kuma unguwa tana bukatar injin, mata ne za su fi kowa murna. Amma tun 1966 akwai dokar wuraren sana'a masu haɗari ko ƙazanta ko damun jama'a, kuma magajin gari yana da ikon hana abin da ke cutar da lafiya da kwanciyar hankalin mutane. Ku ba shi filin kusurwa a bakin babbar hanya, nesa da masallaci da makarantar allo, a rubuta a takardar sayen abin da zai yi da lokacin da zai kashe injin da dare. Ya je meri ya sanar. Wanda zan fi jin tsoro shi ne mai tara jarkokin fetur a cikin gida, tsakanin dangar kara da rumbuna. Wannan kada ku sayar masa a tsakiyar unguwa ko nawa ya bayar.

Abin da zan yi da ni ne

Hanyoyi uku ne a gabanku. Kuna iya raba gado, kowa ya gina a kasonsa, ba sayarwa. Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma faɗaɗar gari irin ta iyali ba ta cika samun matsala da hukuma ba, in dai an bar hanya an kauce wa burtali da ruwa. Kuna iya yanka da kanku ku sayar da takardun ƙauye, abin da mafi yawa ke yi, mai saurin kuɗi, mai barin baya da ƙura. Kuna iya kuma zuwa meri ku tambaya ko akwai shirin lotisma a gefenku, ko ku haɗu da masu gonakin da ke kewaye ku nema tare. A nan za ku rasa wani kaso na ƙasar, ya tafi tituna da filayen jama'a da rabon hukuma, kuma abin yana ɗaukar lokaci. Amma filin da ya dawo hannunku mai lamba ne, darajarsa ta fi ta yankin gona nesa. Kafin ku sa hannu, a rubuta muku fili nawa za ku samu da inda suke, kada ku yarda da alkawarin baki, daga hukuma ne ko daga ɗan kasuwar da ya zo da mai awonsa. In ɗan kasuwa ne, ku ce ya nuna takardar amincewar ma'aikatar tsara birane.

Da ni ne, zan raba gado, in fitar da hanya da burtali da mabiyar ruwa tun gonar tana guda, kafin kowa ya san inda kasonsa zai faɗa, domin a lokacin ne kawai ba wanda zai ce an cuce shi. Zan gina a gefen da ke jikin gari. Ba zan sayar da duka ba. Na ga gidaje da yawa da suka sayar da gonar bakin gari, aka yi aure, aka sayi babur, aka je Umra, bayan shekara uku suna awon gero a kasuwa da tiya. In dole sai an sayar, a sa wani kaso a gona a can ciki inda ƙasa ba ta yi tsada ba tukuna.

Ban taka gonarku ba, kuma ni ma'aikacin awo ne, ba alƙali ba. Abin da na faɗa a kan iyakar gabas da mabiyar ruwa sai an tsaya a wurin za a tabbatar, kuɗin takardu kuma kowace ƙaramar hukuma da nata, ka tambaya a ba ka rasit. Ranar da za ka je wurin sakataren COFO, ka tafi da ɗaya daga cikin 'yan'uwanka mata da wani dattijo mai iyaka da ku, ka riƙe takardar rabon gado in an yi, ka roƙi a sa muku ranar fitowa kafin a fara sharar gona.